Biskit ɗin Amurka mai tsala: me ya hana nawa tashi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu zama Amurka da masu sana'ar gashi, don Allah ku taimaka min. Ƙanin maigidana ne ya dawo daga karatu a jihar Tenesi, tun da ya sauka ba shi da zance sai wani abin karin kumallo da ya saba ci a can, wai shi biskit. Ba irin namu na kwali mai ƙaras-ƙaras ba ne, wannan mai laushi ne, ba yis ba sukari, in ka ɓare shi da hannu sai ya rabu hawa-hawa. Na haɗa fulawa kofi 2 da bakar hoda da gishiri da bota da madara, na kwaɓa sosai har ya yi santsi, na murza, na yanka da bakin kofi na gasa. Ya fito a kwance, ga tauri. Ina matsalar take? Sannan nonon da suke cewa dole sai da shi, a ina zan same shi a nan Kano?

Ummu Sadik (Atlanta): Wa'alaikumussalam. Maman Ilham ai kin faɗi ciwon da bakinki. "Na kwaɓa sosai har ya yi santsi", to nan aka kashe shi. Hannunmu ya saba da cincin da fanke da burodi, inda ake so kwaɓi ya yi danƙo. Wannan shi danƙo ne maƙiyinsa. Da zarar ruwa ya taɓa fulawa kika ci gaba da murza ta, danƙon alkamar zai tashi, daga nan kuma sai tauri. Kwaɓin biskit in ya yi kyau a ido, ya lalace. Yamutsattse ake son shi, da kyar yake riƙe jikinsa.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni kuwa har da ƙara ƙarfi don ya yi kyau.

Ummu Sadik (Atlanta): Na biyu, botar da kika sa a wane hali take? Mai sanyi ce ko ta saki?

Maman Ilham: Ta saki Anti, kamar yadda nake yi in zan yi kek.

Ummu Sadik (Atlanta): To shi ke nan. A kek ana so bota ta narke cikin kwaɓi, a nan kuwa ana so ta zauna gutsi-gutsi a cikin fulawa har a shiga oben. Bota ba mai zalla ba ce, kusan kashi 80 cikin ɗari ne mai, sauran yawanci ruwa ne. In zafi ya buge ta farat ɗaya, ruwan nan ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin da ke samansa, wurin da botar ta zauna ya zama rami. Hawa-hawan da ƙanin maigidanki yake faɗa ke nan. In ta riga ta narke tun a kwano, ba abin da zai ɗaga.

Anti Rabi (Mancesta): Ni fa ban ga abin ɗaga hankali ba. Wannan ai sikon ne da muke ci da shayi a nan Ingila, Amurkawa suka canza masa suna. Batun nono kuma, ki matsa babban cokali 1 na lemon tsami a kofin madara, ki bar shi minti 10, ya tsinke, kin gama.

Ummu Sadik (Atlanta): Anti Rabi kada ki bari wata tsohuwar jiharmu ta Jojiya ta ji ki. 'Yan uwa ne, na yarda, amma sikon ana sa masa sukari, wani lokaci har da ƙwai da zabibi, kuma marmashewa yake yi a baki. Biskit na gishiri ne, abokin soyayyar kaza da ƙwai da romo. Dabarar lemon tsami kuma tana fitar da mutum kunya, tsamin zai tayar da bekin soda, amma tsararo ne, ba kauri ba ƙamshi. In kin ci na nono sau ɗaya za ki ji bambancin.

Anti Rabi (Mancesta): Mu dai yara suna cinyewa tas, ba su taɓa kai ƙara ba.

'Yar Ruga: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ban taɓa cin abin nan ba, amma nono gidanmu ne. Anti Ummu, wannan nonon nasu yaya ake yin shi?

Ummu Sadik (Atlanta): A da, a gonakin jihohin kudu na ƙasar Amurka, mace za ta tara madarar saniyarta ta bar ta ta yi tsami, ta kaɗa a cikin wani dogon mazubi na itace ko na yumɓu har mai ya fito. Ta kwashe man, ruwan da ya rage shi ne ake kwaɓa biskit da burodin masara da shi.

'Yar Ruga: To ai wannan tsala ce! Haka muke yi. A tatso madara a bar ta ta kwana ta kama, kindirmo ke nan. A zuba a gora a yi ta kaɗawa har man shanu ya taso, a kwashe shi a dunƙula. Abin da ya rage shi ne tsala, wadda ake dama fura da ita a kasuwa. Maman Ilham kina Kano kina tambayar inda za ki samu? Duk inda kika ga mai ƙwarya ta zauna, yana gabanta.

Maman Ilham: Kai! Ni da na zagaye manyan kantuna ina duba firij.

Ummu Sadik (Atlanta): 'Yar Ruga ta gama magana. In ƙara muku ma, wanda muke saye a kwali a nan ba ragowar kaɗa mai ba ne. Madara ce da aka rage wa mai, aka dafa ta, aka sa mata ƙwayoyin da ke tsamama ta. Masana'anta ce ke kwaikwayon abin da kakanninsu suke yi. Wadda ke neman girkin asali irin na da, tsalarku ta fi kwalinmu kusa da shi.

'Yar Ruga: Amma a yi hattara wurin saye. Ba kowace tsala ce tsala ba. In rani ya yi nono ya yi ƙaranci, wasu suna ƙara ruwa, wasu su dama garin ƙwallon kuka su zuba don ya yi kauri da tsami. Ki sami wadda kika sani, ki ce mata ta girki kike so, ba haɗi. In ba ki samu ba, ki sayi kindirmo ki burge shi da maburgi, ki ɗan tsinka shi da ruwan sanyi har ya riƙa zuba daga cokali.

Malam Mai Burodi (Zariya): Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina biye da ku tun ɗazu. Maganar hannu da sanyi gaskiya ce, amma akwai ta uku da ba a taɓo ba, ita ce fulawar kanta. Fulawar buhu da muke saye a nan don burodi aka niƙa ta, daga alkama mai ƙarfi, wadda yawancinta ma shigo da ita ake yi. Furotin ɗinta da yawa, shi ya sa burodinmu ke ja. A biskit kuwa wannan ƙarfin ne zai ba Hajiya wahala ko da ta sassauta hannu.

Ummu Sadik (Atlanta): Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A nan kudu akwai wata fulawa, White Lily, da aka fara niƙawa a garin Noksbil na jihar Tenesi tun 1883. Daga alkama mai laushi ake yin ta, furotin ɗinta wajen kashi 9 ne cikin ɗari, ta burodi kuwa tana kai 12 zuwa 13. Mutanen kudu in suka koma arewa da zama har a akwati suke tafiya da ita. A 2008 da aka rufe tsohon injin na Noksbil aka mayar da niƙan wani wuri, sai da jaridu suka yi ta rubutu a kai. Ni a ganina rabin sirrin biskit ɗin kudu a fulawar nan yake. Ƙanin mijinki Maman Ilham a Tenesi ya ci, to da wuya ki kamo masa wannan laushin daidai.

Malam Mai Burodi (Zariya): Hajiya Ummu kada ki karya mata gwiwa. Akwai dabara. A kowane kofin fulawa a ɗebe babban cokali 2, a mayar da sitacin masara, farin nan da ake kaurara miya da shi, a tankaɗe su tare sosai. Ƙarfin zai ragu. Ba zai zama White Lily ba, amma wanda bai taɓa zuwa Tenesi ba ba zai gane ba.

Ummu Sadik (Atlanta): Ai matsalar wanda za a ba ya je.

Anti Rabi (Mancesta): In ya raina ya koma can ya ci, jirgi bai daina tashi ba.

Hajiya Inna: Yaran zamani kuna ba ni mamaki. Nono mai tsami da abin da zai kashe tsamin ya sa ƙullu ya tashi, wannan ne sabon ilmi? Mu in ƙullun masa ya yi tsami, ruwan kanwa muke ɗigawa, nan take ka ga yana kumfa. Me zai hana Maman Ilham ta jiƙa kanwa ta huta da sayen wata soda?

Malam Mai Burodi (Zariya): Hajiya Allah ya ƙara girma, maganarki tana kan hanya. Abin da ke cikin bekin soda yana cikin kanwa. Alkali ne ya haɗu da tsami, sai iska ta fito, iskar ce ke kumbura kwaɓi. Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Ungurnu daban, jar kanwa daban, fara daban, ko a buhu ɗaya ma wani dutsen ya fi wani kaifi, ga ƙasa a ciki. Ƙullun masa ruwa ne, za ki ɗanɗana ki gyara. Wannan kuwa sau ɗaya ake zuba ruwa, ba gyara. In ta yi yawa zai fito rawaya yana warin sabulu.

Hajiya Inna: Hannun da ya sani ba ya neman cokalin awo.

Ummu Sadik (Atlanta): Hajiya Inna ai su ma ta nan suka biyo. Kafin soda ta kanti, daga tokar itace suke tace wani farin gishiri suna sa wa kwaɓi, ɗan uwan ruwan tokarmu. Sai a 1846 wasu surukai biyu, Austin Church da John Dwight, suka fara haɗa soda suna ƙullawa a takarda suna sayarwa, kamfaninsu ne yau yake yin sodar Arm & Hammer. Bakar hoda kuma ta bazu bayan haka. Kafin duk wannan akwai wani biskit da ake yi a jihohin Merilan da Bajiniya da Kentaki, wanda ba a sa masa komai na tashi. Dukan kwaɓin ake yi da guduma ko muciya, a ninke a sake duka, rabin awa ko fiye, har iska ta shiga. A gidajen masu hali bayi mata ne ke wannan aikin. Talaka kuwa burodin masara yake ci kullum, don fulawa tsada gare ta, biskit sai ranar Lahadi ko in an yi baƙo. Da fulawa ta yi araha, soda ta shiga kowane kanti, sannan ne ya zama abincin kowa.

Hajiya Inna: Allah sarki. Ko'ina dai wahalar a kan mace take ƙarewa.

Baban Yusra (Hustan): Ku gafarce ni, matar gida ce ta ce in leƙo in faɗi wannan. 'Yan uwa da ke nan Amurka ko masu zuwa, a kula. Biskit na gargajiya a kudu da kitsen alade ake yin shi, har yau wasu gidajen abinci suna alfahari da hakan. Farin romon da ake zuba masa da safe kuma da niƙaƙƙen naman alade ake yi. Kada kunya ta hana mutum tambaya kafin ya ci.

Maman Ilham: Innalillahi. Bari in tambayi yaron nan a ina yake ci.

Ummu Sadik (Atlanta): Ki kwantar da hankalinki, da yawa yanzu bota suke sawa ko daskararren man tsirrai. Tun 1911 aka fito da irin wannan man mai suna Crisco, wanda da man angurya aka fara yin shi, ya karɓe wurin kitsen a gidaje da dama. Amma maganar Baban Yusra gaskiya ce, a tambaya, a karanta jikin kwali. Romon kuma ni da niƙaƙƙen naman sa nake yi, in soya shi da masoro da yawa, in barbaɗa fulawa, in zuba madara.

'Yar Ruga: To man shanu fa? Tunda tsala tamu ce, a haɗa da man mu mana.

Malam Mai Burodi (Zariya): Ɗanye zai yi, soyayye ba zai yi ba. Wanda aka soya da albasa an ƙone ruwansa, ba tururin da zai ɗaga komai. Ɗanyen kuma a wanke shi da ruwan sanyi, a matse, a daskarar. Sai dai ƙamshinsa yana da ƙarfi, wanda bai saba ba zai ce abin ya yi ƙarni.

'Yar Ruga: Ƙarni a hancin 'yan birni.

Maman Ilham: Anti Ummu don Allah ki jero min awon da matakan a saƙo ɗaya in adana.

Ummu Sadik (Atlanta): To. Fulawa giram 250, wato kofi 2. Bakar hoda babban cokali 1. Bekin soda kwatan ƙaramin cokali, in tsalar ta yi tsami sosai ki kai rabi. Gishiri ƙaramin cokali 1, in botar mai gishiri ce ki rage. Bota giram 90 zuwa 100. Tsala mai sanyi mililita 180, kashi uku cikin huɗu na kofi.

Ki fara kunna oben ya kai digiri 220 a ma'aunin Selshiyas, kada ki taɓa fulawa sai ya yi zafi. Botar ta kwana a firiza. Ki goge ta da magogin kuɓewa kai tsaye cikin fulawar da kika haɗa da su hoda, ki yamutsa da yatsu da sauri, ya zama kamar dambu, kina ganin gutsattsarin bota. Ki zuba tsala, ki juya da cokali mai yatsu har busasshen gari ya ɓace, ki tsaya. Ki juye a kan tebur mai barbaɗen fulawa, ki danna da tafin hannu ya baje, ki ninke gida uku, ki juya ki sake dannawa. Ninki uku ko huɗu ya isa. A ƙarshe kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi, kada ki yi rowar kauri. Wajen yanka ki danna ƙasa ki ɗago, kada ki murɗa, murɗawa tana liƙe gefen ya kasa tashi. Bakin kofin gilashi ma dakushewa gare shi, gara gwangwanin madara da aka cire wa kai, ko ki yanka murabba'i da wuƙa mai kaifi. Ki jera su suna taɓa juna, haka suke tashi sama maimakon su baje. Minti 12 zuwa 15. Da fitowa ki shafa musu narkakkiyar bota.

Zulai (Maraɗi): Wannan duk na masu lantarki ne. Bota tana narkewa tun zafi bai wuce 35 ba, mu nan a watan Afrilu muna haura 40. Kafin in gama gogewa ta zama ruwa.

Malam Mai Burodi (Zariya): Ki yi shi bayan sallar asuba kafin rana ta fito, ko ki bari sai hunturu ya kama. In kuma da zafi ne, ki sayi ƙanƙara ki zuba a babbar roba, ki ɗora kwanon silba a kai, a ciki za ki yi haɗin. Fulawar ma ki sanyaya ta. Majarin ɗin gashi, wato botar man tsirrai da muke amfani da shi, ya fi bota jure zafi, zai tashi, amma daɗin ba ɗaya ba ne.

Zulai (Maraɗi): Oben fa? Ni a tukunya da yashi nake gasa kek.

Malam Mai Burodi (Zariya): Zafin yashi a hankali yake hawa, ya dace da kek, amma wannan yana son wuta ta mare shi tun a mintin farko. In botar ta narke kafin kwaɓin ya kama, sai ki tarar da su suna iyo cikin mai. Gara tukunyar ƙarfe mai kauri da murfi, garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a kan murfin, kuma tukunyar ta yi zafi kafin a sa.

Baban Yusra (Hustan): Haka makiyayan shanu na nan Tekzas suke gasa nasu a daji tun da can, tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafa uku da garwashi a murfi. Har yanzu ana gasar irin wannan girkin.

Hajiya Inna: Ni har yanzu ban gane ribar ba. Ka zuba bota mai tsada, ka sayi ƙanƙara, ka tashi da asuba, a ƙarshe abu ba zaƙi ba yaji. Da me ake cin shi?

Ummu Sadik (Atlanta): Hajiya ki ɓare shi da zafinsa ki zuba zuma ta gangara cikin ramukan, ki kawo shayi. Ko ki tsoma a romon farfesun kaza. Ranar da na yi miyar taushe na rasa gurasa, da shi muka ci, ba wanda ya tashi sai da kwano ya ƙare.

Anti Rabi (Mancesta): Zuma a sama amma sukari a ciki haramun ne? Ni cokali ɗaya nake sawa, yana sa shi ya yi ja mai kyau.

Ummu Sadik (Atlanta): Ki sa abinki Anti Rabi, amma ki kira shi da sunansa na Ingila.

Zulai (Maraɗi): Malam, abin nan zai yi sana'a? Ina tunanin in haɗa da su cincin da nake kaiwa shago.

Malam Mai Burodi (Zariya): Ban ba ki shawara ba. Rayuwarsa gajera ce. Awa biyu uku bayan ya huce ya fara bushewa, washegari sai dai a ɗumama. Ba abin ƙullawa a leda a ajiye a kanta ba ne. In za ki yi, sai dai na oda, ki gasa ki aika da zafinsa, misali lokacin buɗa baki.

Ummu Sadik (Atlanta): Wannan matsalar ce ta sa wani mai gashi a Luwibil ta jihar Kentaki, Lively Willoughby, ya yi rajistar dabarar sa ɗanyen kwaɓi a gwangwanin kwali a 1931, mutum ya saya ya gasa a gida. Ke ma za ki iya kwatantawa. Ki yanka su ɗanyu, ki jera a faranti su daskare a firiza, sannan ki zuba a leda. Duk sanda ake so a ɗauko a sa a oben a daskarensu, a ƙara minti 4 ko 5.

Zulai (Maraɗi): Firizar da ke samun wuta rabin yini? In suka saki suka sake daskarewa fa?

Malam Mai Burodi (Zariya): To sodar ta gama aikinta a cikin leda, botar ta shige fulawa. Kada ki fara. Ki haɗa busasshen garin kawai ki ajiye a mazubi mai murfi, bota da tsala sai ranar gashi.

'Yar Ruga: Tsalar ma kada a saya a ajiye ba sanyi, kowace awa tsaminta ƙaruwa yake, awon sodar Anti Ummu zai tashi a banza. Zulai in kina da mai kawo miki, ki ce ta zo da ta safiyar ranar.